Asalin Kalma: Kanumfari

Kalmar kanumfari ararriya ce daga Larabci, inda ake cewa ƙaranful. Da ta shigo bakin Bahaushe sai ya gyara ta yadda harshensa ya saba: "l" ta ƙarshe ta koma "r", aka ɗora mata wasali, domin yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Wasu kan rubuta kanunfari. A Suwahilanci ma karafuu ake kiransa, daga tushe guda.

Shi kansa kanumfari tohon fure ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe, a shanya shi. Asalin bishiyarsa tsibiran Maluku ne na Indonesiya, daga baya Zanzibar da Pemba suka shahara da nomansa.

A gidajenmu yana cikin kayan ƙamshi, tare da citta da masoro, a fura da kunu da zoɓo. Amma yana da ƙarfi, don haka ƙwaya ɗaya ko biyu ta wadatar a tukunyar kunun yara. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi. Man kanumfari kuwa kada a ba yaro ya sha, domin yana iya illata hanta.