Shaihu Umar: fim ɗin da muka bari a sito shekara 40

Jama'a, jiya a majalisarmu ta Gidan Dare aka yi ta musu kan finafinai. Wani ƙanena ya ce shi duk fim ɗin da babu waƙa, babu faɗa, barci yake sa shi. Na ce masa, "To kai da Shaihu Umar ba za ku shirya ba ke nan." Ya ce ai littafi ne. Wallahi bai san an yi fim ɗinsa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Littafin na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, ya fito daga gasar rubutu ta 1933, wadda ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki. A 1976 Adamu Halilu ya mai da shi fim da Hausa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu. Aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Legas.

Fim ne mai tafiya a hankali, ya fi awa biyu. Malami ne zaune gaban almajiransa yana ba su labarin yadda aka sace shi yana yaro, aka bautar da shi, ya ƙetare sahara, mahaifiyarsa ta bi sawunsa ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Babu ihu, babu rawa. Ciwon yana cikin shirun.

Daga nan fa sai aka daina jin ɗuriyarsa, har aka ɗauka ya ɓata. A 1990 aka yi Turmin Danya a Kano, zamanin kaset ya shigo, kasuwa ta juya wani gefen. Sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. A can masu sharhi suka zauna suka kalle shi suka yi rubutu a kansa, mu da aka yi shi da harshenmu yawancinmu ko sunansa ba mu ji ba.

Ba na cewa sai Bature ya yaba kafin abu ya yi kyau. Abin da ke damuna shi ne, mu sharhinmu ya tsaya a wa ya fito, wace waƙa ce ta tashi. Idan yaro a Sakkwato ya tara 'yan kuɗinsa ya yi fim mai natsuwa yau, wa zai zauna ya rubuta a kansa? In ba a rubuta ba, sito zai koma kamar yadda Shaihu Umar ya koma.

Wanda ya taɓa kallonsa a cikinku, don Allah ya gaya mana a ina ya gani. Ina son in kai ƙanen nan nawa.