Gigin Tsufa: Yadda Jinya Ta Koma Kan Mace Ɗaya

 Yau zancenmu na gigin tsufa ne, inda tsohuwa za ta manta sunan jikanta, ko ta ci tuwo yanzu ta ce ba a ba ta ba. Tun 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya nuna ciwon ƙwaƙwalwa ne. Amma har gobe in ta yi sambatu da dare, wani ya ce iska, wani ma ya ce maita.

A zamanin gandu hannuwa sun yi yawa. Surukai da jikoki duk gida ɗaya, wannan ta yi wanka, waccan ta dama fura, yara na tsaron ƙofa kada tsoho ya fice. A ƙasarmu gandu ya sha bugu. Da aka kammala madatsar Bakolori a 1978, ruwa ya ci gonaki da garuruwa a ƙasar Maradun, aka tashi dubban mutane. Manoman da suka nemi diyya, a 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Maza suka yawaita cin rani. Daga baya 'yan bindiga suka kori ƙauyuka zuwa Talata Mafara da Bakura. Tsohon da aka raba da ɗakinsa kuwa, ruɗewarsa ƙaruwa take.

To, wa aka bari da jinya? Ke, 'ya ko matar ɗa. Ba kya fita, kuma kunya ba ta barinki ki ce surukarki ta ɓata shimfiɗa. Maƙwabta na zuwa dubiyar mai zazzaɓi, amma ciwon shekara bakwai, sai ƙafa ta ɗauke.

Hukuma ma ta makara. Dokar mahaukata ta 1958 tsarewa ta sani, sai a 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware, can gaba da Sakkwato, ga kuɗin mota, ga tsoron a ce an kai Inna gidan mahaukata. Akwai Hukumar Zakka da Waƙafi a Gusau, amma taimako yakan bi wanda aka ji kukansa. Naki sai ya bi ta bakin maigida kafin ya kai ga mai unguwa ko liman, shi kuwa maigida sau da yawa bai kwana ɗakin ba, bai san sau nawa kika tashi ba.