Kofin likitan Dabos: yadda ƙungiyoyin hoki na ƙanƙara suka ƙetare iyakoki

Hoki na ƙanƙara wasa ne na ƙasashen sanyi. Mutum shida ke shiga fili a kowane ɓangare, har da mai tsaron gida, sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan roba da sanduna masu lanƙwasa. Ana yin sa zubi uku, kowane zubi minti 20. A Kanada ya samu ƙa'idojinsa a ƙarshen ƙarni na 19, daga nan ya isa Turai. Tarihin gasanninsa tsakanin ƙungiyoyin ƙasashe daban-daban yana da abin dubawa, domin wadda ta fi daɗewa a cikinsu ba hukuma ta kafa ta ba, ba kuma attajirai ba.

A shekara ta 1923, shekara biyar bayan Yaƙin Duniya na Farko, ƴan wasan Jamus da na Ostiriya suna cikin wariya, ƙasashen da suka ci yaƙi ba su son haɗuwa da su. A lokacin ne Carl Spengler, wani likita na garin Dabos da ke cikin tsaunukan Suwis, ya ba da kofi don a riƙa gayyatar ƙungiyoyi daga kowane gefe. Dabos gari ne da masu ciwon tarin fuka ke zuwa jiyya, ya saba da baƙi masu harsuna iri-iri. Ƙungiyar jami'ar Oxford ta Ingila, wadda galibin ƴan wasanta ɗaliban Kanada ne, ta ɗauki kofin farko. Shekara guda bayan haka, a 1924, ƙungiyar Barlin ta ɗauka. Abin da likitan ya nema ke nan.

Siyasa ba ta bar wasan ya huta ba. Ƙungiyar LTC ta birnin Prag ta ci kofin a 1946, 1947 da 1948. A 1950 gwamnatin gurguzu ta Cekoslobakiya ta kama ƴan wasan ƙasar bisa zargin shirin guduwa, aka yanke wa mai tsaron gida Bohumil Modrý ɗaurin shekara 15.

A 1965 hukumar hoki ta duniya ta ƙirƙiro Kofin Turai na zakarun ƙasashe. Ƙungiyar Brno ta ci uku na farko. Daga 1969 ƙungiyar sojan Sobiyet, CSKA ta Mosko, ta mamaye gasar, ta ɗauki kofin sau 20 kafin ƙarshen 1990. Dalili a fili yake: ta hanyar aikin soja take tattara fitattun matasan ƙasar. Gasar da aka san mai cinta tun kafin a fara ba ta jan ƴan kallo. Abin da jama'a suka fi tunawa shi ne rangadin CSKA a Amurka ta Arewa: ran 31 ga Disamba 1975 ta yi kunnen doki, 3 da 3, da Canadiens ta Montreal, ran 11 ga Janairu 1976 kuma Flyers ta Filadelfiya ta doke ta 4 da 1, bayan ƴan Sobiyet sun fice daga fili na ɗan lokaci saboda tsananin karo.

Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet aka shiga gwaje-gwaje. Gasar ƙungiyoyin Turai da aka buɗe a 1996 ta tsaya a 2000. Kofin Zakaru ya rayu daga 2005 zuwa 2008. Gasar Zakaru ta 2008, wadda aka zuba wa kuɗi masu yawa, zagaye ɗaya tak ta yi: ZSC Lions ta Zurik ta doke Metallurg ta Rasha, sai masu ɗaukar nauyi suka janye a cikin karayar tattalin arzikin duniya. Sai a 2014 aka sake tada ta, wannan karo ƙungiyoyin da kansu suna da hannun jari a ciki. Frölunda ta Suwidin ta ci sau huɗu tsakanin 2016 da 2020.

Duk tsawon wannan lokaci, Dabos ba ta sauya tsari ba: gari ɗaya, ƙungiya mai masauki ɗaya, kwanakin ƙarshen Disamba, baƙi kaɗan bisa gayyata. An rufe filin da rufin katako a 1979, tawagar Kanada ta fara zuwa a 1984. Annobar korona ta hana wasa a 2020 da 2021, amma a 2023 aka yi bikin cika shekara 100, masu masauki suka riƙe kofin.

Sai dai tambayar 1923 ta dawo. Bayan Rasha ta afka wa Yukiren a 2022, hukumar duniya ta dakatar da ƙungiyoyinta, kuma a gasannin Dabos na 2022, 2023 da 2024 ba a ga ko ɗaya daga cikinsu ba, alhali a da baƙi ne na kusan kullum. Spengler ya buɗe ƙofarsa ne bayan an ajiye makamai. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ranar da wannan yaƙi ya ƙare, za a ga ko Dabos za ta sake riga kowa aika gayyata.