Gobarar Makka ta 2002: Jarida da Sha'anin Mata a Saudiyya

Da safiyar ranar 11 ga watan Maris na shekarar 2002 gobara ta tashi a wata makarantar 'yan mata da ke birnin Makka, wadda ake kira Makaranta ta 31. Ginin asalinsa gidan haya ne aka mayar da shi makaranta, aka cusa ɗalibai kimanin 800 a ciki, tagogi duk da ƙarafa, ƙofar fita kuwa a kulle. 'Yan mata 15 suka rasu, yawancinsu wajen turmutsutsun neman hanyar fita, fiye da 50 kuma suka jikkata. Gobara ba baƙon abu ba ce a ko'ina. Abin da ya sa wannan ta shiga tarihi shi ne yadda jaridun ƙasar suka ba da labarinta, domin sun faɗi abin da ba a saba jin sun faɗa ba.

Kafin a gane dalilin mamakin, sai an san yadda aikin jarida yake a masarautar. Jaridar gwamnati ta farko, Ummul Ƙura, an fara buga ta a Makka a 1924, tun kafin a haɗe ƙasar da sunan Saudiyya a 1932. Daga baya wasu marubuta a Makka da Jidda da Madina suka kafa jaridun kansu. A 1964 aka yi dokar da ta raba ɗaiɗaikun mutane da mallakar jarida, aka mayar da kowace jarida hannun wata ƙungiya ta masu hannun jari. A ido jaridun ba na gwamnati ba ne, amma ba a naɗa babban edita sai da amincewar Ma'aikatar Watsa Labarai, kuma hukuma na iya sa a tsige shi. Da wannan tsari ba a bukatar jami'in da zai zauna yana tace kowane shafi. Edita da kansa ya san inda iyaka take, kuma abubuwa biyu ne ba a taɓawa: gidan sarauta da manyan malamai.

Sha'anin mata kuwa a wancan lokaci yana hannun malaman. Lokacin da aka buɗe makarantun gwamnati na 'yan mata a 1960, jama'a da yawa sun ƙi, har sai da aka tura dakaru garin Buraida a 1963 su tsare makaranta. Don a kwantar da hankalin masu adawa, ba a sa waɗannan makarantu ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ba. An kafa musu hukuma ta dabam wadda malaman addini ke shugabanta. Haka aka zauna fiye da shekara 40. Bayan mamaye Masallacin Harami da Juhaiman al-Utaibi da mutanensa suka yi a watan Nuwamba na 1979, gwamnati ta ƙara sakar wa malamai ragama, hotunan mata suka ɓace daga jaridu, aka rage fitowarsu a talabijin, 'yan hisba kuma suka ƙara ƙarfi a tituna da kasuwanni.

Misalin yadda jarida ke yi da maganar mata a wancan zamani shi ne abin da ya faru ranar 6 ga Nuwamba, 1990. Mata 47, cikinsu har da malaman jami'a, suka sallami direbobinsu suka tuƙa motoci da kansu a titunan Riyad. Aka kama su, aka dakatar da masu aikin gwamnati daga aiki, aka karɓe musu fasfo. Jaridun gida ba su ba matan fili su faɗi dalilinsu ba. Abin da ya yi yawo a gari shi ne takardu ɗauke da sunayensu da na mazajensu, ana jifansu da munanan kalamai, ana kuma zaginsu a kan mumbari. Wani ɗan jarida mai ɗaukar hoto, Salih al-Azzaz, wanda ya ɗauki hotunan abin, tsare shi aka yi. Hana mata tuƙi, wanda a da al'ada ce kawai, sai Ma'aikatar Cikin Gida ta fito ta tabbatar da shi a hukumance, bayan fatawar Shaihu Bin Baz.

To, a irin wannan yanayi ne jaridu irin su Ukaz da Al-Madina suka yi ta kawo labarin gobarar Makka kwana da kwanaki. Sun buga bayanan shaidu da na 'yan kwana-kwana da suka ce 'yan hisba sun tare ƙofa, sun hana wasu 'yan matan fita saboda ba su sa abaya da mayafi ba, sun kuma hana maza masu agaji shiga. Marubuta suka yi ca a kan hukumar ilimin 'yan mata, suna tambayar yadda aka yi hukumar da ke da lokacin auna tsawon suturar ɗaliba ta rasa lokacin duba ko makaranta na da ƙofar gaggawa da tukunyar kashe wuta. Ba a taɓa jin jaridun Saudiyya sun kama sunan waɗannan hukumomi biyu haka ba.

Hukumar hisba ta musanta zargin. Ministan Cikin Gida, Yarima Nayif, ya goya mata baya, binciken gwamnati kuma ya wanke ta, ya ɗora laifin kan hukumar ilimin 'yan mata saboda cunkoso da sakaci. Cikin makonni biyu aka sauke shugaban hukumar, aka rushe ta, aka mayar da makarantun 'yan mata ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin an karɓe wa malamai abin da suke riƙe da shi tun 1960.

Sai dai akwai abin lura. Jaridun ba ƙwatar wannan 'yanci suka yi ba, ba su aka yi. A lokacin Sarki Fahad ba shi da lafiya tun 1995, Yarima Abdullahi mai jiran gado ke tafiyar da mulki, kuma harin 11 ga Satumba, 2001, wanda 15 daga cikin mahara 19 'yan Saudiyya ne, ya sa idon duniya yana kan malaman ƙasar da tsarin karatunta. Sukar da jaridu suka yi ta zo daidai da abin da wani ɓangare na fada yake so. Da bukata ta biya sai aka ja linzami, aka umarci editoci su bar maganar. A cikin wannan wata na Maris ɗin ma aka tsige babban editan Al-Madina saboda ya buga wata waƙa mai sukar alƙalai, mawaƙin kuma aka tsare shi. A watan Mayu na 2003 aka sallami Jamal Khashoggi daga kujerar editan Al-Watan, bayan kimanin wata biyu kacal, saboda rubuce-rubucen da jaridar ta buga na sukar masu tsattsauran ra'ayin addini.

Duk da haka ƙofar ba ta koma ta rufe ruf ba. A 2004 Rania al-Baz, mai gabatar da shiri a talabijin, ta yarda aka buga hoton fuskarta bayan dukan da mijinta ya yi mata, abin da ya sa aka fara maganar dukan mata a fili. A 2013 Sarki Abdullahi ya naɗa mata 30 a Majalisar Shura, a 2014 Sumayya Jabarti ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin babbar editar jaridar kullum, wato Saudi Gazette, a 2015 kuma mata suka jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi. Amma a tsakiyar waɗannan shekaru, a 2011, aka yi wa dokar ɗab'i gyara, aka haramta taɓa mutuncin Babban Mufti da manyan malamai da jami'an gwamnati.

Canji mafi girma ya zo zamanin Sarki Salman da ɗansa Muhammad. A 2016 aka karɓe wa 'yan hisba ikon kama mutane. A watan Satumba na 2017 aka sanar da cewa mata za su fara tuƙi, aka kuma fara ranar 24 ga Yuni, 2018. A 2019 aka ba macen da ta kai shekara 21 damar yin fasfo da tafiya ba tare da izinin waliyyi ba. Yawan matan ƙasar da ke aiki ko neman aiki ya tashi daga ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a 2017 zuwa sama da kashi 30 a 2022. Sassaucin ya shafi har baƙi maniyyata: a 2012 an tsare ɗaruruwan mata 'yan Nijeriya a filayen jirgin Jidda da Madina aka mayar da su gida don ba su da muharrami, amma daga baya aka janye wannan sharaɗi.

Jarida kam ba ta sami irin wannan rabo ba. Ranar da aka yi sanarwar tuƙi, an ruwaito cewa an buga wa wasu matan da suka daɗe suna wannan fafutuka waya ana gargaɗinsu kada su yi magana da 'yan jarida, don kada a ce matsin lambarsu ne ya jawo canjin. A watan Mayu na 2018, saura 'yan makonni a fara tuƙin, aka kama Lujain al-Hazlul da Aziza al-Yusuf da Iman al-Nafjan da wasu. Cikin waɗanda aka tsare na ɗan lokaci har da A'isha al-Mana da Madiha al-Ajrush, waɗanda ke cikin mata 47 na 1990. Jaridun da ke kusa da gwamnati suka buga hotunan wasunsu suna kiran su maciya amanar ƙasa. Khashoggi, wanda ya koma Amurka yana rubutu a jaridar Washington Post, ya soki wannan kame, kuma ranar 2 ga Oktoba na wannan shekara jami'an Saudiyya suka kashe shi a ƙaramin ofishin jakadancin ƙasar da ke Istanbul. Lujain kuwa an yanke mata hukuncin shekara 5 da wata 8 a watan Disamba na 2020, aka sake ta a watan Fabrairu na 2021 bisa sharaɗin ba za ta fita ƙasar ba.