Masarautar Ƙaraye da alƙalamin gwamnoni

A watan Yulin 2024 gwamnatin Kano ta maido da masarautar Ƙaraye da daraja ta biyu, ta bar mata ƙananan hukumomi biyu kacal, Ƙaraye da Rogo, ta naɗa Alhaji Muhammad Maharaz, tsohon hakimin Rogo, sarki. Mutumin Kurugu a ƙasar Ƙaraye da ya haura shekara arba'in da biyar ya ga an ɗaga kujerar nan an sauke ta fiye da sau ɗaya.

Ƙaraye tsohon gari ne mai sarauta tun kafin jihadi. Bayan jihadi ta zauna ƙarƙashin Kano, ana ƙirga sarkinta cikin manyan sarakunan ƙasar tare da na Rano da Gaya da Dutse. Turawa suka zo suka mayar da irin waɗannan sarakuna hakimai.

A 1981 Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga Ƙaraye da 'yan uwanta, lokacin da dangantakarsa da Sarkin Kano Ado Bayero ta yi tsami. A Yulin shekarar, bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa sarki, aka yi tarzomar da ta ci ran mai ba gwamnan shawara, Dakta Bala Muhammad. Sabo Bakin Zuwo na hawa mulki a 1983 ya soke masarautun. Shekara 36 bayan haka, ranar 8 ga Mayun 2019, Gwamna Abdullahi Ganduje ya sa hannu a dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, Alhaji Ibrahim Abubakar II ya zama Sarkin Ƙaraye mai daraja ta ɗaya. Kotu ta rushe dokar a Nuwamba, majalisa ta yi wata a Disamba, aka tuɓe Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II a Maris 2020. Ranar 23 ga Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya rushe masarautun, ya maido da Sanusi.

Game da ɗaga Ƙaraye, wasu na cewa tarihi ne ya karɓi haƙƙinsa, wasu na cewa kawo ci gaba kusa da talaka ne. Duka biyun ba ƙarya ba ne, domin wanda rikicin gona ya kai shi gaban mai unguwa, ya wuce dagaci da hakimi, ya san bambancin zuwa fadar Ƙaraye da ɗaukar mota har birni. Amma ni dai shekarun nake dubawa. A 1981 da 2019 an tuna da tarihin Ƙaraye ne daidai lokacin da gwamna ya saɓa da Sarkin Kano.

Al'ummar Osetiya da ke tsaunukan Kokasas sun ɗanɗana irin wannan a Tarayyar Sobiyet. An ba kudancinsu cin gashin kai a cikin Jojiya a 1922, arewacinsu a cikin Rasha a 1924, aka ɗaga na arewa zuwa jamhuriya a 1936. Daga sama aka ba su. Da Masko ta yi rauni, majalisar Jojiya ta soke na kudu a Disambar 1990, yaƙi ya biyo baya. Mu Allah ya tsare mu da hakan, amma raunin ginin iri ɗaya ne.

Ya kamata dattawan Ƙaraye da Rogo, har da na Kurugu, su nemi a riƙa jin ra'ayinsu a bainar jama'a kafin majalisa ta sake taɓa dokar masarautarsu.