Asalin Shanun Nama na Turai da Ma'anar Tsantsar Jini

Gabatarwa

Sau da yawa mukan ji ana cewa bijimi kaza mai tsantsar jini ne, wancan kuwa barbarar yanyawa ne, har a ninka kuɗin na farko saboda wannan suna kawai. A wannan takarda za mu bi tarihin fitattun ire-iren shanun nama, domin mu ga inda maganar ta samo asali, da kuma abin da take nufi a zahiri.

Tushen shanu

Shanun gida duka sun fito ne daga wani ƙaton sa na daji, wanda saniya ta ƙarshe daga irinsa ta mutu a ƙasar Folan a 1627. An fara sabar da shi da gida a Gabas ta Tsakiya kimanin shekara 10,000 da suka wuce, daga nan aka sami shanu marasa tozo. Daga baya aka yi haka a kwarin kogin Indus, aka sami masu tozo. Tun daga lokacin shanu suke bin mutane wajen ƙaura da fatauci, suna ta cuɗanya. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 18, manomin Ingila yana ajiye shanu ne don huɗa da nono. Akasari sai sa ya tsufa ake kai shi mahauta.

Bakewell da almajiransa

Da birane suka haɓaka, bukatar nama ta ƙaru, sai wani manomi, Robert Bakewell (1725-1795) na Dishley, ya zo da sabuwar dabara. Yakan zaɓi dabbobi masu saurin ƙiba da ƙananan ƙasusuwa, ya kuma sa 'yan gida ɗaya su yi barbara, watau uba da 'ya ko uwa da ɗa, don siffar da yake so ta zauna daram. Charles Colling da ɗan'uwansa Robert, mutanen Durham, suka ɗauki wannan hanya suka fito da irin Shorthorn, ma'ana masu gajeren ƙaho. Shahararren bijiminsu Comet, wanda aka sayar gini 1,000 (fam 1,050) a 1810, ubansa shi ne kuma uban uwarsa. Amma abin lura shi ne, Charles Colling da kansa ya shigar da jinin wata saniya ta Galloway, marar ƙaho, cikin wani reshe na garkensa, kuma zuriyarta ta yi daraja a kasuwa.

Littafin salsala

A 1822 George Coates ya buga littafin salsalar Shorthorn, wanda shi ne na farko ga shanu, bisa koyi da na dawakin sukuwa da aka fara a 1791. Na Hereford ya biyo baya a 1846, na Angus na Sikotlan kuma a 1862. Dabbobin da aka fara rubutawa, shanun karkara ne da aka zaɓo saboda kyan siffa, kuma da yawa ba a san kakanninsu ba. A 1886 aka rufe littafin Hereford, ya zama ba a karɓar maraƙi sai an riga an rubuta uwarsa da ubansa. Ashe ke nan tsantsar jini daga ranar rufe littafi take farawa.

Amurka ta ƙara fito da wannan fili. Irin Brahman, wanda aka kafa ƙungiyarsa a 1924, haɗin shanun Indiya ne masu tozo iri daban-daban. Santa Gertrudis na Teksas, da hukuma ta amince da shi a 1940, kashi 5 cikin 8 Shorthorn ne, 3 cikin 8 Brahman. Bugu da ƙari, wasu ƙungiyoyi sun yarda a hau matakala: a ba saniyar gari bijimi mai rajista, 'yarta ta zama rabi, jikanya 3/4, sai 7/8, sai 15/16. Ƙungiyar masu Charolais ta Amurka takan kira dabba tsantsa in ta kai 31/32.

Riba da hasara

Amfanin littafin a bayyane yake: mai saye yana iya kintatar irin maraƙin da bijimi zai haifa. Sai dai kuma aibin da ke ɓoye cikin jini yakan yaɗu tare da nagarta, kamar yadda haihuwar wadannin maruƙa ta addabi garkunan Hereford da Angus a Amurka wajen 1950.

Kammalawa

Mun ga cewa tsantsar jini yarjejeniya ce ta masu kiwo, wadda rubutu ya tabbatar. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Bunaji da Rahaji da Bokoloji da Azawak sun zaunu ne ta hanyar zaɓin makiyaya na tsawon ƙarnoni, kuma akwai Fulanin da suke riƙe da salsalar shanunsu da ka ta wajen uwa. Rashin littafi bai mai da su marasa asali ba. Kafin mu cuɗa su da baƙin bijimai, ya kamata mu fara rubuta abin da muke da shi, mu auna jurewarsu ga zafi da fari da doguwar tafiya, domin irin da ya narke cikin wani ba ya dawowa.