Tsutsar Ganye da Noman Auduga a Kudancin Ƙasar Kano

Ƙasar da ta tashi daga Bebeji da Kiru ta gangara Tudun Wada har Doguwa ta fi birnin Kano samun ruwan sama, tana kuwa iyaka da Zazzau. Tun kafin zuwan Turawa ana noman auduga a wannan yanki, mata na kaɗi, masaƙa da marina na jiran zare. Amma labarin tsutsa bai shiga takardun hukuma ba sai da auduga ta zama hajar Ingila. Kamfanin B.C.G.A., wanda aka kafa a Mancesta a 1902, shi ya kafa injin gurza a Zariya, aka kuma shigo da irin nan na Amurka mai suna Allen a 1912. Da aka buɗe gonar gwaji a Samaru a 1922, sai aka sami masu ƙirga abin da ƙwari ke ci.

Tsutsar da manomi ya fi gani ita ce mai naɗe ganye, wadda masana suka daɗe suna kira Sylepta derogata. Uwarta wata irin faɗa-wuta ce, takan saka ƙwai a ƙarƙashin ganye. In tsutsar ta yi ƙarfi sai ta naɗe ganyen kamar mazurari, ta ɗaure shi da zarenta, ta zauna ciki tana ci. Cikin wajen wata guda ta rikiɗa ta haifi wasu. Kuɓewa da rama ma abincinta ne, ga shi kuwa su ne maƙwabtan auduga a gonakinmu.

To, a nan ido kan ruɗi mutum. Auduga na da jimiri: in an ci ganyenta tana ƙarama, ga laima a ƙasa, takan sake toho, amfani bai ragu ƙwarai ba. Ɓarna ta gaske sai lokacin da ƙululu ke cika, gama ganye ne ke ciyar da shi. In ganye ya ƙare a sa'an nan, fure ya kakkaɓe, ƙululu ya fashe bai nuna ba, nauyi ya ragu, angurya ta shanye. Duk da haka binciken Samaru ya nuna tsutsotsin da ke huda ƙululu, irin su Diparopsis da Heliothis, sun fi ta ɓarna, sai dai su a ɓoye suke aikinsu.

Sabo da haka maganar ta koma kan lokacin shuka. Malaman gona suka yi ta kira a shuka auduga tsakiyar watan Yuni, don ta ɗaure 'ya'ya kafin tsutsa ta yawaita. Manoma kuwa sai Yuli, bayan sun gama da noman gero da dawa. Ma'aikata da yawa sun ɗauki wannan taurin kai ne. Ni dai ban ga haka ba: mai gidan da rumbunsa ya yi ƙasa a watan Yuni ba zai bar hatsi cikin ciyawa don auduga ba. Binciken da David Norman da abokan aikinsa suka yi a ƙauyukan Zariya tun daga shekarun 1960 ya tabbatar da cewa ƙarancin hannu a wannan lokaci shi ne tushen abin.

Hukuma ta kuma sa dokar tuge karan auduga a ƙone bayan tsinka, don tsutsa ta rasa mafaka da rani. Sa'an nan feshi ya zo, da D.D.T. da farko. Amma ana bukatar ruwa tulu-tulu, mako-mako, audugar da aka shuka a makare kuwa da ƙyar take biyan kuɗin magani. Sai a shekarun 1970 aka kawo ƙaramin injin feshi mai batir wanda ba ya bukatar ɗiban ruwa.

A 1986 aka rushe hukumar cinikin auduga, tsarin raba iri da tsaron dokar ƙona kara suka raunana tare da ita, masaƙun Kaduna da Kano kuma suka yi ta rufewa daga baya. A 2018 Gwamnatin Nijeriya ta yarda a fitar da irin auduga na Bt, wanda tsutsa ke mutuwa in ta ci ganyensa ko ƙululunsa. Shi wannan iri kowace shekara sai an saye shi sabo, kuɗin kuma ana nemansa ne da faɗuwar damina, daidai lokacin da ake neman na taki da na 'yan ƙodago.